Ra'ayinmu: Mai son hutu a gaɓar Tunisiya da tsibirin Jarba, ya yi lissafi tun daga gida

A ƴan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo rumfunan kasuwanninmu. Daga Babbar Kasuwar Yamai zuwa ta Maraɗi, daga Kasuwar Dole ta Damagaram zuwa ta Tawa, sai ka ji Alhaji ko Hajiya na cewa bana dai sai an je an huta a bakin teku. Da can ɗan kasuwa ba ya rufe rumfarsa sai don abu uku: sarin kaya, neman magani, ko sauke farali. Yanzu na huɗu ya ƙaru, wato hutu, kuma hotunan da yara ke nuna wa iyayensu a wayar salula, na shuɗin ruwa da farin yashi, su ne ke ƙara hura wutar sha'awar.

Mu dai ba mu ga laifin wannan ba. Matar da ta yi shekara ashirin tana fita tun asuba, tana zaune cikin zafi da ƙura, tana fama da masu bashi da ƴan haraji, in ta ce za ta ɗauki mako ɗaya ta miƙe ƙafa, babu mai hujjar ce mata almubazzara. Jiki ma jari ne, kuma shi kaɗai ne jarin da ba a sake sarowa. Abin da muke ja wa masu karatu kunne a kai shi ne, irin wannan tafiya tana iya cin abu biyu da suka fi hutun daraja: uwar kuɗi da mutunci. Duk wanda zai je, ya shirya ta yadda yake shirya sarin kaya, da alƙalami da takarda, ya san abin da zai kashe, ya san inda zai sauka, ya san ranar da zai komo.

Me ya sa muka ɗauki Tunisiya? Tekun Bahar Rum yana da faɗi, kuma tsibiransa da suka yi suna, kamar Sisili ta Italiya, da Malta, da tsibiran Girka, duk suna bayan katangar bizar Shengen. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin neman wannan biza ya tashi daga euro 80 zuwa 90, wato wajen jikka 59 na sefa, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Sai an haɗa da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar euro 30,000, da takardun banki, alhali yawancin ƴan kasuwarmu kuɗinsu na cikin kaya ne. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai, wanda a da nan ne mutane da yawa ke kai takardunsu, an rufe shi a watan Janairu na 2024. Ita kuwa Tunisiya ta daɗe da sanya Nijar cikin ƙasashen da ta yafe wa biza in zaman bai wuce kwana 90 ba. Ana jin Larabci da Faransanci, abinci na halal ne, kuma tsakanin Yamai da Tunis ta sama wajen kilomita 2,700 ne. Duk da haka irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka a tambaya a tabbatar a makon da za a yanki tikiti.

Ƙasar kuma ba baƙuwa ba ce gare mu kamar yadda ake zato. Jar darar da sarakuna da dattawanmu ke sawa, a tsohuwar kasuwar birnin Tunis ake yin ta tun ɗaruruwan shekaru, kuma har yau akwai layin masu yin ta kusa da masallacin Zaituna. Risalar da almajirai ke karantawa a zaurukanmu, marubucinta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan ne, garin da Uƙuba ɗan Nafi'u ya kafa a shekara ta 670, wanda bai fi tafiyar kilomita 60 daga gaɓar Susa ba. Har kiɗan da suke kira istambali, wanda jikokin bayin da aka ƙetarar da su Sahara suka riƙe, yana da tushe ɗaya da borin ƙasar Hausa. Wanda ya je can yana bin sawun ayarin da kakanninsa suka sani.

To, maganar farko ita ce ta aljihu. Dokarmu guda ce: da riba ake hutu. Kada a taɓa uwar kuɗi, kada a ci bashi, kada a karɓi kayan wani a sayar a yi guzuri da su. Mai kwasar adashe ta tambayi kanta ko kwasar nan ta ƙarin kaya ce ko rara ce. In ta ƙarin kaya ce, teku ba ya gudu, a jira baɗi. Mun sha ganin rumfa ta rame bayan biki ko suna, kuma hutun da aka yi da jari shi ma hanyar da yake bi ke nan.

In an tabbatar rarar tana nan, sai a rubuta komai. Kuɗin mota zuwa Yamai, wanda ga mutumin Maraɗi tafiyar wajen kilomita 660 ce, ga na Damagaram kusan 900, da kwana ɗaya ko biyu a can kafin jirgi. Kuɗin tikiti na zuwa da komowa, ko kai tsaye ne ko ta Kasablanka ko Istambul, tare da sanin awa nawa za a zauna a filin jirgin da za a sauya. Kuɗin masauki, da na abinci, da na zirga-zirga, da na tsaraba, wanda shi ne ya fi yaudara domin kowa a gida yana jiran nasa. Sannan abin da mutane ke mantawa: cinikin da rumfa za ta rasa a kwanakin da mai ita ba ya nan. A ƙarshe a ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai in jirgi ya yi jinkiri ko wani ya kwanta ciwo.

Kuɗin Tunisiya sunansa dinari, kuma yana da halin da ya kamata a sani. Ana kasa shi gida dubu, shi ya sa za a ga farashi da lamba uku bayan waƙafi. In an rubuta 12,500 a kan faranti, dinari goma sha biyu da rabi ke nan. A 2024 dinari ɗaya yana wajen dala 40, wato sefa 200 ko ƙasa da haka kaɗan. Ga misalin lissafi: in otel ya ce dinari 200 a dare, galibi yana nufin ga mutum ɗaya. Miji da mata, kwana bakwai, dinari 2,800 ke nan, wajen jikka 560, tun ba a sa tikiti ba. Ba a fita da dinari daga ƙasar, ba a shiga da shi, doka ta hana. Sefa kuwa ba a cika karɓar ta a can ba, don haka a tafi da euro, wanda canjinsa da sefa a tsaye yake, 655.957. A yi canji a banki ko a wurin da hukuma ta yarda, a adana rasit, domin da shi ake mayar da abin da ya rage a filin jirgi. Mai ɗauke da kuɗi masu yawa ya bayyana su ga ƴan duwan tun da shigarsa, ya karɓi takarda. Al'adar ɗaure kuɗi a ƙugu a yi shiru ta jefa ƴan kasuwa da dama cikin asara a filayen jiragen duniya.

Magana ta biyu ita ce lokaci, kuma a nan kalanda biyu za a duba, ta can da ta nan. A can, Yuli da Agusta su ne lokacin cunkoso. Turawa na hutu, ƴan Aljeriya da Libiya na kwararowa da motocinsu, ƴan ƙasar mazauna Turai sun komo gida, ɗaki ya yi tsada. Ƙasar ta karɓi baƙi fiye da miliyan 10 a 2024, kuma waɗannan watanni ne suka fi ɗaukar jama'a. Zafi ma ba sauƙi: a Agustan 2021 da Yulin 2023 ma'aunin zafi ya kai wajen digiri 49 a birnin Tunis. Wanda ya guje wa zafin Tawa ya je ya tarar da wannan, ai bai huta ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyi ne da ruwan sama, teku ba ya shiguwa. Mafi daɗi shi ne Mayu da Yuni, sai Satumba da farkon Oktoba, lokacin da ruwa ke da ɗumi, jama'a sun ragu, farashi ya sauka.

A nan gida kuwa, babu ɗan kasuwa mai hankali da zai rufe rumfa a goman ƙarshe na azumi, ko ana saura mako biyu Layya, ko lokacin komawar yara makaranta, ko da kaka sa'ad da manomi ke da kuɗi a hannu. Sallar Layya ta faɗo farkon Yuni a 2025, ƙarshen Mayu a 2026, kuma kowa ya san bayan Layya kasuwa takan yi sanyi. Wannan sanyin kasuwa ya zo daidai da lokacin da gaɓar Tunisiya ta fi daɗi, kafin tsadar Yuli. Mai lura ya ga ƙofarsa. Kafin a tashi kuma a ƙirga kaya, a rubuta basussuka, a damƙa rumfa ga wanda aka yarda da shi a gaban shaida, don kada hutun mako ɗaya ya haifi shari'ar shekara.

Sai zaɓen wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne son ganin ko'ina cikin kwana bakwai, sai a ƙare hutun a cikin mota. Gara a zaɓi ɗaya cikin biyu. Na farko shi ne arewa da tsakiyar gaɓa: kwana biyu a Tunis, a ga tsohon birni da masallacin Zaituna, a hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa kufan Kartaj da garin Sidi Bu Sa'id mai farin bango da shuɗin ƙofa, sannan a gangara Hamamat ko Susa, wadda ke wajen kilomita 140 daga Tunis. Daga Susa ana zuwa Ƙairawan a komo a yini ɗaya. Nabel, maƙwabciyar Hamamat, ta yi suna wajen tukwane da tangaran, kuma babbar kasuwarta ran Juma'a take ci. Tsakanin garuruwa akwai jirgin ƙasa, akwai kuma ƙananan motocin haya da suke kira luwaj, masu ɗaukar mutum takwas, ba sa tashi sai sun cika, kamar dai a tasharmu. A cikin gari, a ce wa mai tasi ya kunna mita tun kafin a zauna.

Na biyu shi ne tsibirin Jarba, can kudu, wajen kilomita 500 daga Tunis. Shi ne tsibiri mafi girma a gaɓar Afirka ta Arewa, faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 500. Yana da filin jirgin sama nasa. Ta ƙasa kuma hanya biyu ce: ko a shiga jirgin ruwa mai ɗaukar motoci daga Jorf zuwa Ajim, ƙetarawar da ba ta fi rubu'in awa ba amma layin jira na iya daɗewa da rani, ko a bi doguwar gadar El Kantara mai wajen kilomita 7, wadda tushenta tun zamanin Rumawa yake. A 2023 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya, saboda tsarin gidajensa da ƙananan masallatansa farare masu kauri kamar ganuwa.

Muna ganin Jarba ce za ta fi yi wa ɗan kasuwa daɗi, domin tsibirin ƴan kasuwa ne. Ƙasar ba ta da ruwa sosai, noma ba ya riƙe kowa, sai mazajenta suka bazu suna buɗe kantuna a ko'ina cikin Tunisiya, har ya zama in an ce bajarbe, mai kantin unguwa ake nufi. Babban garin sunansa Humt Suk, ma'anarsa unguwar kasuwa. A can akwai tsofaffin masaukan fatake, ƙasa don kaya da dabbobi, bene don mutane, wasu an mayar da su otel masu sauƙin kuɗi. A kasuwar kifi ana yin gwanjo da safe: mai shela na zaune bisa doguwar kujera, yana ɗaga kifin da aka tsire a igiyar ganyen dabino, masu saye na ƙara tayi. Wanda ya saya yana iya kai wa masu gashi a kusa su gasa masa. A ƙauyen Gallala kuma magina ne ke aikin yumɓu tun kaka da kakanni. Matar da ta san ciniki za ta yi yini a irin waɗannan wurare ba ta gaji ba, kuma za ta komo da dabarar jera kaya da karɓar baƙo da ta fi tsarabar da ke cikin akwati.

Game da masauki, a fahimci kalmomin kafin a biya. Akwai ɗaki da karin kumallo kaɗai, akwai mai haɗe da abincin dare, akwai wanda aka haɗa komai. Na ƙarshen yana da kyau ga mai yara, amma ga wanda zai yini a gari asara ce, domin ya biya abincin da ba zai ci ba. Akwai harajin kwana da ake biya a otel ɗin, ga kowane mutum a kowane dare, gwargwadon taurarin otel, kuma an ƙara shi a 2024. A tambaya ko yana cikin farashin. A sani kuma manyan otel na bakin ruwa an gina su ne don Turawa: ana sayar da giya, ana kiɗa har dare, shigar mutane a bakin ruwa ba irin tamu ba ce, kuma wasu otel ɗin sukan hana mata shiga tafkin wanka da suturar da ta rufe jiki. Iyalin da wannan zai dame su, su tambaya tun daga nan, ko su nemi ƙaramin masauki a cikin gari. Miji da mata su riƙe takardar aurensu.

Shi kuma tekun, a ba shi girmansa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a gulbi ko tafki ya koya. Teku yana da igiyar da ke jan mutum ta ƙasa ko da samansa a kwance yake. A yi wanka inda masu ceto suke, in an kafa jar tuta kada a shiga, ruwa kada ya wuce ƙugu, yaro kuma kada ya bar idon uwarsa ko na ƙiftawa.

Yanzu ga maganar da masu tallar tafiya ba sa son a yi, mu kuwa ba za mu ɓoye ta ba. Baƙar fata a Tunisiya yau yana tafiya ne da ido a kansa. A ranar 21 ga Fabrairu 2023 shugaban ƙasar, Kais Sa'id, ya yi jawabi yana zargin baƙin haure daga kudancin Sahara da zama wani shiri na sauya jama'ar ƙasar. Tarayyar Afirka ta yi tir da kalaman. A kwanakin da suka biyo baya an kori mutane daga gidajen haya da wuraren aiki, an doki wasu a titi, har ɗalibai masu cikakkun takardu, kuma ƙasashen Gini da Mali da Kodebuwa suka tura jirage suka kwashe ƴan ƙasarsu. A Yulin wannan shekara rikici ya tashi a Safakis, birni na biyu, wanda ake rubutawa Sfax a allunan hanya, bayan kashe wani ɗan ƙasar, aka kwashi ɗaruruwan baƙi aka zubar a hamadar kan iyakar Libiya da Aljeriya, wasu suka mutu da ƙishirwa. A Afrilun 2025 hukuma ta rushe sansanonin da dubban baƙi ke zaune cikin gonakin zaitun a arewacin Safakis.

Ba mu ce duk mutanen ƙasar haka suke ba. Tunisiya ta soke bauta tun 1846, ta kuma kafa dokar hukunta wariyar launin fata a 2018, kuma akwai ƴan ƙasar da suka fito zanga-zanga suna kare baƙi. Amma mai ƙiyayya a titi ba ya tambayar fasfo kafin ya yi zagi, ɗan sanda kuma ba ya gane Hajiya mai rumfa uku da kallo. Saboda haka takarda ita ce garkuwa. Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, tikitin komowa mai rana a rubuce, takardar otel da aka buga a kan takarda, kuɗin da za a iya nunawa, katin rigakafin shawara, da shaidar rajistar kasuwanci ga mai ita. Rashin buƙatar biza bai hana jami'in filin jirgi ya mayar da mutum ba in bai gamsu ba. A riƙa yawo da kwafin fasfo mai hatimin shiga, a bar wani kwafin a gida. Kada a wuce kwanakin da aka bayar, domin akwai tara ta dinari 20 ga kowane mako, kuma ba a fita sai an biya. Safakis da kewayenta, da tsibiran Karkana da ke gabanta, shawararmu a bar su a wannan karo. Wurare ne masu kyau, amma daga nan kwale-kwalen masu ƙetarawa ke tashi, tsaro ya yi tsanani, kuma baƙar fata shi ne farkon wanda ake tsayarwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damun mu. Ruwan da ake hotonsa a bakin otel, shi ne dai ruwan da ke cin ƴaƴan Afirka. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙirga mutum fiye da 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun daga 2014. Tsibirin Lamfedusa na Italiya ya fi kusa da gaɓar Tunisiya a kan Sisili, kuma wannan kusancin ne ke ruɗin matasa. Mu a ƙasar nan ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Don haka duk uwar da ɗanta ya matsa a tafi da shi hutu, ta zaunar da shi ta ji abin da ke ransa. Duk wanda aka roƙa ya sanya yaron wani cikin ayarinsa, ya san amana ce ya ɗauka, kuma in yaron ya sulale shi za a tambaya a can da nan. Kowane mutum ɗaya da ya shiga da sunan hutu ya ƙi komowa yana ƙuntata ƙofar ga ɗalibi da majinyaci da ɗan kasuwar da za su zo bayansa.

Akwai masu cewa tun da an biya tikiti, a jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya: a huta, a ga likita, a saro kaya. Ana iya yi, amma kowane da jakarsa. Asibitocin kuɗi na Tunis da Susa sun saba da majinyata daga ƙasashenmu, sai dai a nemi ƙiyasin kuɗin aiki a rubuce tun daga gida, kada a dogara da ɗan kamasho da aka haɗu da shi a filin jirgi. Kaya kuma akwai na kirki: man zaitun, dabinon da suke kira daglat nur wanda ke nuna daga Oktoba, yajin harisa, darduma ta Ƙairawan, jar dara. Amma akwatin jirgi yawanci kilo 23 ne, kuɗin ƙarin nauyi yana cinye riba, kuma ƴan duwan na jira a Yamai. A sayo samfur, a karɓi lambar mai kaya, in abin ya karɓu a kasuwa sai a shirya sari na gaskiya ta hanyarsa.

Muna kira ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye da su faɗa wa mutane gaskiya. Da yawa daga iyayenmu mata ba sa karanta Faransanci, kuma ba daidai ba ne a miƙa musu takarda a ce sa hannu nan. A bayyana musu da Hausa sunan otel, da garin da yake, da abin da aka haɗa da wanda ba a haɗa ba, da abin da za a mayar in tafiya ta fasa. Ku kuma masu biya, ku je ofis da ƙafarku, ku tafi da ɗa ko ƙane mai karatu, ku karɓi rasit mai hatimi. Kada a tura wa kowa kuɗi ta waya saboda hoton da aka gani a Facebook ko WhatsApp. Araha ba ta ado. Muna kira ga ma'aikatar harkokin waje da ta riƙa sanar da jama'a ta rediyo, cikin harsunan ƙasa, halin da ake ciki a ƙasashen da ƴan Nijar ke yawan zuwa, da lambar da za a kira in an shiga matsala. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashe su ma suna da rawar takawa: tafiyar mutum goma tare ta fi sauƙin kuɗi, ta fi tsaro, kuma wadda ta je bara ita ce malamar wadda za ta je bana.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma muna so mutanenmu su ga duniya da idonsu, su shiga ƙasar mutane ta ƙofa, da fasfo a hannu da kai a sama. Wanda lissafinsa ya cika, ya tafi, ya sha iskar teku, ya ci kifin Jarba, ya yi salla a masallacin Ƙairawan, ya komo ranar da ya ce zai komo ya tarar da rumfarsa yadda ya bar ta. Wanda nasa bai cika ba, ya ci gaba da tari, babu abin kunya a ciki. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.